Fatar da Na Ba Ramatu

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Zalika. A Malanbil aka haife ni, iyayena kuma daga tsallaken gulbi suka zo, wajen Gaya. Mutanen unguwarmu sun daɗe suna ba da labarin jinyar ƙanwata Ramatu, kuma yadda suka fara ba da shi, ni ce jarumar labarin. Na rubuta wannan ne don in gyara, don kuma wanda wata rana likita zai rufe ƙofa ya tambaye shi game da jininsa ya san abin da amsarsa za ta iya jawowa.

Sana'ata gumin shinkafa. Mu tara ne a rumfa ɗaya bayan kasuwa. Mukan jiƙa shinkafa mai ƙaiƙayi ta kwana, mu turara ta cikin rabin tano, wato durom na ƙarfe, bisa murhun duwatsu, mu shanya, sannan a kai inji. Babbarmu a aikin ita ce Bibata, Badanda ce, mai yaren Dandanci, daga Madekali, mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan bayan ya daɗe yana jinya. Ita ta koya mini yadda ake gane shinkafa ta turaru daga ƙamshinta.

Ramatu ba ta cikinmu, ita ɗinki take yi. Wata Laraba da hantsi ta biyo rumfar don ta kawo mini rigar da ta ɗinka wa ɗiyata Nana. Ina sauri, gobe kasuwa za ta fara ci, Bibata kuma ta tafi ɗebo itace. Na ce wa Ramatu ta kama mini kunnen tano mu sauke.

Ta ce, "Yaya, bari Bibata ta dawo. Ni ban saba ba."

Na ce, "Ke dai kama, nan da nan ne."

Ta kama. Tsumman da ta riƙe da shi ya zame, tanon ya karkata wajenta. Tafasasshen ruwan ya wanke mata ƙirji, ciki, hannun dama da cinya ɗaya. Ba zan kwatanta ihun ba. Mata suka taru, wata na cewa a fasa ɗanyen ƙwai, wata na cewa gishiri, wata ta ruga ɗauko man goge baki. Bibata ce ta yar da itacenta ta ture su duka, ta yi ta kwarara mata ruwan sanyi daga randa har randa biyu suka ƙare, ta naɗe ta cikin zane mai tsabta. Daga baya likita ya ce wannan ruwan ya rage ɓarna ƙwarai.

Kwana biyu muka yi a asibitin gari, suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Aka tura mu wani babban asibiti can kudu, tafiyar kusan wuni guda a mota. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai abin da zan yi ƙorafi a kansa, kuma akwai mutanen kirki a ciki. Sai da muka sayi man motar asibiti kafin ta tashi. Muka tafi ni da Inna, mahaifiyarmu, da Amadu mijin Ramatu. Maigidana Idi ya biyo mu daga baya.

Satin farko duk wankin ciwo ne. Kwana biyu-biyu ake kwance bandeji, kuma kowane wanki sai ka sayo kayansa da kanka a farmasi, ɗakin sayar da magani, ka yi layi tun safe, ka dawo a ce wanda zai yi aikin ya shiga ɗakin fiɗa, sai la'asar. Masu jinya a baranda muke shimfiɗa tabarma. Akwai wata ma'aikaciya mai tsawa kamar mun zo roƙo, akwai kuma wani dattijon majo, babban masu kula da marasa lafiya, wanda kan tsaya ya riƙe hannun Ramatu na hagu har a gama wankin, alhali ba aikinsa ba ne. Allah ya saka masa.

A sati na biyu aka ce jininta ya yi ƙasa, sai an ƙara. Amadu ya bayar, bai isa ba. Aka dube ni. Na ce ina fashin sallah, kuma jiri nake ji. Ƙarya ce. A ranar Bibata ta zo dubiya da ƙunshin kilishi da garin kunu, ta ji ana maganar, ta naɗe hannun riga ta ce a ɗiba. Aka gwada, ya dace, aka ƙara wa Ramatu. Inna ta yi ta sa mata albarka har da kuka.

Ga dalilin ƙaryar. Shekara huɗu kafin nan, ina da cikin Nana, na je awo aka ɗebi jinina. Ungozomar asibiti ta kira ni gefe ta ce ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ta kira sunansa, epatit B. Ta ce ba sida ba ce, wato ƙanjamau, mutane da yawa suna da ita tun suna yara ba su sani ba, amma in kawo mijina a gwada shi. Ta ce ana ɗauka ta jini da ta kwanciya. Kalmar kwanciyar nan kaɗai ta zauna mini a kunne. Na yi tunanin abin da Idi zai ɗauka, da abin da danginsa za su ce. Na yayyaga takardar na zuba a murhun gumi. Ban sake komawa wajen wannan ungozomar ba. Shekara huɗu ko zazzaɓin kirki ban yi ba, har na fara gaya wa kaina kuskure suka yi. Amma da aka ce a ba da jini, na san gwadawa ake yi, sai na noƙe. Ke nan a can cikin raina ban taɓa yarda kuskure ne ba.

A sati na uku Ramatu ta fara lalacewa. Ciwon ƙirji da na ciki sai tsiyayar ruwa suke, zazzaɓi ba ya sauka, tana ramewa muna kallo. Likitan da ke dubanta ya tara mu. Mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa ko Dandanci, ni ce mai fassara saboda na yi lakkwal, makarantar boko, har aji shida. Ya ce fatar jikinta da ta rage ba ta isa a yanka a rufe ciwon yanzu ba, kuma jikin ba zai ɗauki wannan aikin ba. Amma in wani mai lafiya ya ba da tasa, siririya daga cinya, za a shimfiɗa mata. Ya ce ba za ta zauna ba, bayan sati biyu ko uku jiki zai ƙi ta ta faɗi, amma kafin nan ruwan zai tsaya, naman ƙasa ya yi kyau, ta sami ƙarfi.

Amadu ya ce, "A ɗauki tawa."

Ban ko fassara maganarsa ba na ce, "Ni ce 'yar'uwarta, ciki ɗaya munka fito. Tawa za a ɗauka."

Tun ranar Larabar nan ba wanda ya ce mini ke kika ja. Inna ba ta faɗa ba, Amadu bai faɗa ba, Ramatu ma ba ta faɗa ba. Shirun nasu ya fi mini zagi ciwo. Ina so a yanke ni. Ina so a ga na biya da jikina. Kuma na ɗauka fata daban, jini daban.

Aka ɗebi jinina. Washegari likita ya kira ni ofishinsa ni kaɗai, ya rufe ƙofa. Ya ce gwajin sida ya fito lafiya, amma kayan gwajin ciwon hanta sun ƙare a asibitin, sai sati mai zuwa ake sa ran su, Ramatu kuwa ba za ta iya jira ba. Wannan shi ne ƙorafina, kuma har gobe ina yin sa: babban asibiti a ce abin gwaji ya ƙare. Amma ƙorafin nan bai wanke ni ba, saboda abin da ya biyo baya.

Ya ce, "Madam, fata tana tafiya da jininta. Abin da ke jikinki zai iya shiga nata, kuma ita yanzu ba ta da ƙarfin faɗa da komai. An taɓa gaya miki kina da wata cuta a jini? Kin taɓa yin ciwon shawara? An taɓa ƙin karɓar jininki?"

Na ce a'a.

Ya ajiye alƙalami ya dube ni. Ya ce, "Mijinta ya ba da jini satin da ya wuce, an gwada shi duka, lafiya lau. In akwai wani abu, gaya mini. Zan ce fatarsa ta fi dacewa, ba wanda zai san dalili."

Ku dubi ƙofar da bawan Allah nan ya buɗe mini. Ta tagar ofishin ina hango Idi zaune a benci, Inna kusa da shi tana jan carbi. Tun jiya an buga waya gida an ce Zalika za ta ba ƙanwarta fatar jikinta. Na ce a raina in na fita aka ce ta Amadu za a ɗauka, Inna za ta tambaya, Idi zai tambaya, kuma ga shi na riga na ƙi ba da jini.

Na ce, "Ba ni da komai, likita. Lafiyata ƙalau."

Ya ce shi dai ya fi son ta mijin, tunda an riga an gwada. Na ce Amadu shi ke hawa babur yana nemo abin da ake sayen magani da shi, in aka kwantar da shi wa zai nemo. Gaskiya ce, amma ba don ita na faɗa ba. Ya yarda. Na sa hannu a takarda.

An ɗauki fatar daga cinyoyina biyu. Wurin ya yi zafi kamar an goge shi da dutsen niƙa an zuba barkono, kwana goma ina tafiya a tale. Ina jin daɗin zafin. Ramatu kuwa cikin kwana huɗu zazzaɓi ya sauka, ta nemi kunu da kanta. Rannan ta kama yatsana ta ce, "Yaya, yanzu ke ce rigata." Muka yi dariya, har Inna.

A sati na shida fatar tawa ta yi baƙi ta fara ɓarewa, kamar yadda likita ya faɗa. Naman ƙasa ya yi ja mai kyau. Aka shiga da ita ɗakin fiɗa sau biyu, aka ɗauki tata daga baya da cinyar hagu aka dasa, ta kama. Kafin nan Amadu ya sayar da bijiminsa, ni na sayar da buhunan shinkafar da nake juyawa, matan rumfa sun yi mana karo-karo sau biyu. A sati na goma sha ɗaya aka sallame mu.

Mun dawo Malanbil an tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Mata suna zuwa gaida Ramatu, sannan su ce in nuna musu tabon. Ina ɗaga zane ina nunawa. A wajen wani suna, matar liman ta kafa misali da ni, ta ce haka ake zumunci. Idi da ba ya yawan magana ya sayo mini turmin zane ya ajiye bisa gado. Na karɓa, na ɗinka, na sa.

Kusan wata uku da yin dashen, Ramatu ta daina cin abinci. Ƙamshin mai in ana suya sai ta yi amai. Ta ce gaɓoɓinta na ciwo, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi. Wata safiya na je na iske ta zaune a bakin ƙofa tana motsa hannun dama kamar yadda aka koya mata, ta ɗago kai ta gaishe ni, na ga farin idonta ya zama rawaya. Na zauna a kan turmi.

Inna ta ce shawara ce, ta san maganinta. Aka dafa saiwoyi da ganyaye, wata gwaggonmu ta aiko da wani jiƙo daga Gaya, wani ya ce ta yi ta shan rake. Sati guda ana ɗura mata, tana amayarwa. Na san abin da ke damunta, kuma da hannuna na riƙe mata ƙwaryar jiƙon. Da ta fara magana ba kan gado, tana kiran Amadu da sunan babanmu da ya rasu, sai Amadu ya ce ya isa, ya ɗauki shatar mota suka koma kudu shi da Inna. Ni na ce Nana ba ta da lafiya, ba zan iya binsu ba. Nana tana waje tana wasa.

Kwana goma sha biyu suka yi. Biyu daga ciki, in ji Amadu, ba ta gane kowa ba, har majo ya ce su yi ta addu'a. Allah ya tashe ta. Suka dawo da suna a bakinsu, epatit B. Likita ya gaya musu ranar da aka fara kwantar da ita an gwada ba ta da shi, ke nan a jinyar ta samu, kuma ta jini yake shiga. Ya ce a turo wadda ta ba da fata a gwada ta. Amadu ya gaya mini, na ce to, sai kasuwa ta wuce. Kasuwa ta wuce sau uku.

Inna kuwa kalma ɗaya ta riƙe, jini. Ta zauna a tsakar gida gaban masu dubiya ta ce, "Jinin wa anka ƙara mata? Na mijinta da na Bibata. Mijinta ga shi nan garau. Ita ko waccan, kowa ya ga yadda mijinta ya ƙare kamin ya mutu."

Ina wurin. Ina zuba wa baƙi ruwa.

Cikin kwana uku maganar ta zagaye unguwa, kuma kafin ta kai bakin kasuwa ta tashi daga ciwon hanta ta koma sida. Masu sayen shinkafar Bibata daga Gaya suka koma wajen wasu. A rumfa aka ware mata moɗar shan ruwa. In ta sa hannu a shanya, wata sai ta bi ta kwashe tata gefe. Ba wadda ta ce mata komai a fuska. Ni ina aikina kusa da ita, muna gaisawa, har ina jin ana cewa Zalika akwai haƙuri, dubi yadda take gaida wadda ta cuci ƙanwarta.

Wata Litinin da azahar Bibata ta shigo rumfa da takarda a ƙulle cikin bakin zane. Ashe ta je asibitin gari da kanta an gwada ta. Ta tsaya a tsakiya ta ce, "Ku saurara. Ni ban iya karatu ba. Zalika, ke kinka yi lakkwal, kuma ƙanwarki ce. Karanta musu, in na cuce ta in ji daga bakinki."

Ta miƙo mini. Na buɗe na karanta. Sida babu. Ciwon hanta babu. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Dandanci.

Sai wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Takarda ai ana saye."

Bibata ta dube ni. Ba zargi a idonta, jira take in ce wani abu, ni da na yi wata uku a asibitin, ni da na ji bakin likita. Na naɗe takardar na mayar mata. Ta ce, "Na gode, ƙanwata." Ta ƙulle ta a bakin zane, ta kwashe tabarmin shanyarta, ta ɗora tanonta a ka ta fita.

Ban iya ƙarasa aikin ranar ba. Na bar shinkafa a wuta na nufi gidan Ramatu. Na iske ta ita kaɗai a ɗaki, ta rame, rawayar idon ta fara washewa, tana ƙoƙarin zura zare a allura da hannun da ya ƙone. Na durƙusa a ƙasa na gaya mata komai, tun daga ungozoma har ofishin likita. Ba ta ajiye allurar ba sai da na gama.

Ta ce, "Na sani, Yaya."

Na ɗago.

Ta ce, "Ranar da za a sallame ni wannan komawar, likita ya sa majo ya yi mini bayani ni ɗaya. Ya ce jinin da anka ƙara mini duk an gwada shi kamin a sa. Fata ce ba a gama gwadawa ba. Ya ce ba zai rantse ba, amma ƙofa ɗaya ce anka bari buɗe. Sai na tuna ranar da kinka ce kina fashin sallah. Na gan ki kina sallar la'asar a baranda rannan."

Na ce, "Mi ya hana ki faɗi?"

Ta ce, "In tona yayata gaban Inna? Na yi ta ce ma Inna ba Bibata ba ce, ta ce ciwo ya taɓa mini kai. Jiranki nike. Kullum kinka shigo sai in ce yau za ta faɗi." Sannan ta ce, "Nawa na yafe. Da ba a rufe mini ciwon da fatarki ba lokacin, wataƙila da ban kai yau ba. Amma ni ma na ɗauki alhakin matar nan saboda ke, kuma wannan ban san yadda za ni yi da shi ba."

Da yamma na gaya wa Idi, bayan ya dawo daga kasuwar albasa. Abin da na shekara huɗu ina tsoro bai ko zo bakinsa ba. Bai tambaye ni inda na samo ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara huɗu kina kallon Nana, ba ki kai ta an duba ba?" Kwana tara bai ci abincina ba. Rana ta goma ya ce in shirya, mu uku muka je asibitin gari. Ni ina da shi, kamar yadda aka faɗa tun farko. Idi an ce ya taɓa shiga jikinsa ya fita. Nana ba ta da shi, ma'aikacin ya ce wataƙila alluran rigakafin jarirai ne suka tsare ta. Wannan rahamar Allah ce, ba dabarata ba.

Inna ta fi wuya. Da na gaya mata sai ta ce in rufe bakina, abin ya riga ya wuce, kada in zubar mana da mutunci. Na ce mutuncin wata muka zubar. Ranar kasuwa da safe, lokacin da rumfa ta cika har da masu saye, na tsaya na faɗa. Na ce ni ce mai ciwon, na san ina da shi, likita ya tambaye ni na yi ƙarya, Bibata ba ta ba ƙanwata komai ba sai alheri. Wasu suka sunkuyar da kai. Wadda ta ce ana sayen takarda ta tashi ta shiga gyara wuta. Cinikina ya faɗi wata biyu, sannan ya dawo kaɗan-kaɗan, bayan wani ma'aikacin asibiti ya zo ya yi wa mata bayani cewa ba a ɗauka ta abinci ko ta gaisuwa.

Bayan wata shida aka sake gwada Ramatu. Likita ya ce yawancin manya jikinsu yakan kore shi, amma nata bai kore ba, saboda ya same ta a raunane. Yanzu mu biyu muke zuwa a duba mana hanta sau biyu a shekara. Ta koma ɗinki, sai dai hannun ba ya miƙewa duka, kuma ba ta iya dogon zama a keken ɗinki. An hana mu jiƙe-jiƙe. An yi wa Amadu rigakafi.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. In wuta ko ruwan zafi ya ƙona wani, ruwan sanyi mai tsabta, sannan asibiti. In aka nemi jininka ko fatarka, ka tsaya a gwada komai, in sun ce abin gwaji ya ƙare ka tambayi inda za a samu. In kuma akwai abin da aka taɓa gaya maka, ka faɗa wa likita. Minti ɗaya ne. Ni na guje wa kunyar minti ɗaya.

Bibata ba ta dawo rumfa ba. Ta koma Madekali gidan wanta. Sati biyu bayan na yi magana a rumfa na hau kabu-kabu na bi ta. Na iske ta bayan gida tana baza shinkafa a tabarma da ɗan katako. Ta amsa sallamata, ta sa aka kawo mini kujera da ruwa. Labari ya riga ni isa, amma ta bar ni na faɗa da bakina har ƙarshe, tana ta aikinta.

Da na gama ta tsaya ta ce, "Abu ɗaya za ni tambaye ki. Ranar da kinka karanta takardata, kin sani?"

Na ce, "Na sani."

"Ranar da anka ware mini moɗa fa?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta tambayi hannun Ramatu, ko yana miƙewa, ko tana cin abinci. Ta ce a riƙa shafa mata man kaɗe a tabon da safe. Na ce mata na zo neman gafara ne, kuma matan rumfa sun ce ta dawo, wurinta yana nan.

Ta ce, "Na ji. Rana na yi, ki tahi kamin zafi ya tsananta. Ki gaida Ramatu."

Ta raka ni har bakin hanya, ta tsaya har mai babur ya tayar. Na koma sau uku tun daga nan. Kowane zuwa tana karɓata, ta ba ni ruwa, ta tambayi Ramatu, ta raka ni bakin hanya. Kalmar da nake zuwa nema ba ta faɗe ta ba tukuna, ni kuma ba ni da bakin da zan ce ta yi sauri.